Yadda tsoka ke samuwa da yadda take girma: daga kifin zebra zuwa tarwada da ragon turka

"Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon tarwada, ina kuma turka raguna saboda layya. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, kifi in dai yana samun abinci kamar ba ya daina girma, amma rago sai ya kai wani matsayi ya tsaya, sai dai kitse. Sannan cikin 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, wasu su yi ta tafiya, wasu su tsumbure har ranar sayarwa. Ɗana da ke karatun kimiyya a jami'a ya ce mini masana na binciken wannan da wani ɗan mitsitsin kifi wai shi kifin zebra. Shin ta yaya tsoka ke samuwa tun farko, me ke sa ta girma, kuma me kifin da bai kai yatsa ba zai koya mana a kan tarwada da rago?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sa wa kiwo albarka. Yaron nan ya faɗa maka gaskiya, kuma abin da ka lura da shi a tafki da wanda ka gani a turke duk tushensu ɗaya. Tsoka hanya biyu gare ta ta girma, kuma ba kowace dabba ce ake bar wa hanyoyin biyu a buɗe har ta tsufa ba. Na yi aiki da kifin zebra lokacin da nake ƙarin karatu a waje, yanzu ina koyar da ilimin jikin dabbobi, ina kuma yawan zuwa wurin masu ƙyanƙyasar tarwada, don haka zan haɗa maka abin da aka gani a ɗakin gwaji da abin da ake gani a gona.

Ranar da Hajiya za ta yi dambun nama, ka tsaya ka duba yadda naman ke warwarewa sili-sili bayan ya dahu an daka shi. Kowane sili ƙulli ne na zaruruwa masu yawa, kowane zare kaurinsa bai wuce na gashin kai ba, galibi ma bai kai ba. Zare ɗaya ƙwayar halitta ce guda, doguwa, cike da furotin iri biyu, aktin da mayosin, waɗanda ke zamewa a kan juna su ja zaren ya takure. Tun 1954 aka gano wannan zamewa, ita ce duk motsin da dabba ke yi. Ka ɗauki tsoka kamar damin kara: dami na ƙara girma in an ƙara yawan karan, ko kuma in karan da ke ciki sun fi kauri. Yawan zare da kaurin zare, su ne hanyoyin biyu.

Me ya sa kifin zebra

Asalinsa ƙoramu da fadamun shinkafa na Indiya da Bangaladesh da Nefal ne, tsawonsa santimita 3 zuwa 4, jikinsa da ratsi-ratsi. George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka shi ya dage a kansa, aikinsa na 1981 ya buɗe ƙofa, sannan a 1996 ɗakunan gwaji biyu, ɗaya a Tubingen ta Jamus ƙarƙashin Christiane Nüsslein-Volhard, ɗaya a Boston, suka fitar da ɗaruruwan nau'o'in kifin masu tawaya a ƙwayoyin gado, ciki har da waɗanda tsokarsu ba ta aiki. Da aka kammala karanta kundin gadonsa a 2013, sai aka ga kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa.

Amma babban abin da ya ɗaga darajarsa shi ne ana ganin cikinsa. Ɗan tayin rago na ɓoye cikin mahaifa, na kaza na cikin ɓawo. Ƙwan kifin zebra kuwa garau yake, a waje ake barbararsa, mace ɗaya na iya zuba ƙwai ɗari biyu ko fiye a mako, kuma cikin wata uku 'ya'yan sun isa haihuwa. Kana iya ɗora ƙwan a ƙarƙashin madubin likita ka zauna kana kallon tsoka na haɗuwa a gaban idonka, ɗan tayin yana raye.

Yini na farko a cikin ƙwai

A ruwa mai zafin digiri 28 da rabi, wajen awa 10 bayan barbara, sai ka ga wasu 'yan guntaye sun fara yankewa a gefe biyu na bayan ɗan tayin, dama da hagu, biyu-biyu, daga wajen kai zuwa wutsiya. Masana na kiransu somayit. Kusan duk rabin awa sabbi biyu ke fitowa, har su kai kimanin 30 a kowane gefe kafin awa 24 ta cika. Ba na gajiya da kallon wannan: ka ƙirga guntaye takwas, ka je ka yi salla ka dawo, ka tarar sun zama tara. Wajen awa 17 kuma sai wutsiyar ta fara murɗawa a cikin ƙwai, tun kifin bai da baki balle ya ci abinci. Kaza na yin irin waɗannan guntaye duk minti 90, ɓera duk awa 2, ɗan Adam wajen awa 5. Daga cikinsu tsokar gangar jiki da ta gaɓoɓi da ƙashin baya ke fitowa, a kifi da rago da mutum baki ɗaya.

A jikin kifi alamar guntayen nan ba ta ɓacewa. In ka ɓare dafaffiyar karfasa, za ka ga naman na rabuwa falle-falle, kowane falle a lanƙwashe. Kowane falle daga somayit guda ya fito. Ka duba kuma ƙarƙashin fata, a tsakiyar gefen kifin, akwai siririn layi na nama mai duhu. Wannan ita ce jar tsoka, mai jini da kitse da yawa, mai aiki a hankali ba ta gajiya, da ita kifi ke iyonsa na yau da kullum. Sauran farin naman, wanda ya kai kashi 90 cikin 100 na tsokar a yawancin kifaye, na zabura ne: kamun abinci ko gudun tsira, ƙarfi nan take, gajiya nan da nan. A rago da sa zaruruwan biyu a gauraye suke cikin tsoka guda, shi ya sa wuyar nazarinsu ta fi yawa. A kifin zebra aka ga yadda suke rabuwa. Ƙwayoyin da ke manne da sandar tsakiyar bayan ɗan tayi suna karɓar wani saƙon sinadari da ake kira Hedgehog, su zama jar tsoka, sannan su ratsa ta cikin 'yan'uwansu su fito can waje kusa da fata. Waɗanda suka bari a baya su ne ke zama fara. Stephen Devoto da abokan aikinsa suka nuna wannan ƙaura a 1996, ta hanyar sa wa ƙwayoyin launi suna bin sawunsu.

Me ke gaya wa ƙwaya cewa tsoka za ta zama? Ƙwayoyin gado huɗu ne ke riƙe da wannan umarni: MyoD, Myf5, myogenin da MRF4. A 1987 ɗakin gwajin Harold Weintraub a Seattle ya nuna cewa in aka kunna MyoD shi kaɗai a cikin ƙwayar da ba ta tsoka ba, sai ta rikiɗe ta koma ta tsoka. Bayan umarni sai haɗuwa. Ƙwayoyin na jeruwa, bangonsu ya narke, su zama zare guda mai cibiyoyi da yawa (cibiya ita ce ma'ajiyar ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta), kowace cibiya na kula da yankinta. Furotin ɗin da ke buɗe wannan haɗuwa, Myomaker, sai a 2013 aka gano shi a Dallas, kuma kifin zebra da aka cire masa shi farar tsokarsa ba ta haɗuwa yadda ya kamata.

Akwai matsala guda a nan. Zaren da ya riga ya haɗu ba ya sake rabuwa ya hayayyafa. To ina zai samo ƙarin cibiyoyi in zai yi kauri, ko in ya yage? Amsar na jikin wasu 'yan ƙwayoyi da ke kwance shiru a bayan kowane zare, waɗanda Alexander Mauro ya fara gani a tsokar kwaɗo a 1961. Zan kira su ƙwayoyin ajiya. In tsoka ta ji rauni ko an ɗora mata aiki, sai su farka, su rabu, wasu su shige cikin zaren su ƙara masa cibiya, wasu su koma su kwanta don gaba. A 2016 ɗakin gwajin Peter Currie a Jami'ar Monash ta Ostireliya ya ɗauki hoton wannan aiki kai tsaye a jikin ɗan kifin zebra mai rai. Da irin wannan kifin ake gwada magungunan cutar Duchenne, wadda ke cinye tsokar yara maza, domin akwai nau'insa da ya rasa furotin ɗin da yaran ke rasawa.

Inda kifi da rago suka raba hanya

A dabbobi masu shayarwa, yawan zare na kammaluwa tun a ciki. A saniya wajen wata na shida zuwa na bakwai na ciki, a tunkiya galibi tsakanin wata na biyu da na uku cikin wata biyar ɗin da take yi. A kaza kuma kafin ƙyanƙyasa. Ɗan ragon da aka haifa yau ya zo da kusan duk zaruruwan da zai mallaka har ranar yanka. Duk dusa da harawa da anguryar da za ka zuba masa, kauri da tsawo kawai za su ƙara wa zaruruwan nan. Kauri kuwa yana da iyaka, domin iskar oksijin daga jini take ratsowa ta gefen zare zuwa tsakiyarsa, in ya yi kauri da yawa tsakiyar ba ta samu.

Shi ya sa rago ke tsayawa. Tun 1932 John Hammond na Kambirij ya bayyana jerin girman tumaki: ƙashi ne kan gaba, tsoka na biye, kitse daga ƙarshe. In ragonka ya shiga zangon ƙarshe, abincin da ya ci kitse yake zama, kuma kilo ɗaya na kitse ya fi kilo ɗaya na tsoka cin abinci nesa ba kusa ba, saboda tsoka kusan kashi 75 cikin 100 ruwa ce, kitse kuwa ruwansa kaɗan ne. Wanda ke turka don riba gara ya sayi rago mai dogon ƙashi wanda bai gama cika ba, ko wanda rani ya ramar amma lafiyarsa ƙalau. Irin wannan in ya samu abinci yakan yi girman ramuwa, zaruruwan da suka motse su cika da sauri. Ragon da ba a dandaƙe ba kuma ya fi yin tsoka, saboda sinadarin maza na ƙara kaurin zare.

Abin da ya fi damuna a kiwonmu shi ne tunkiya mai ciki. An yi gwaji a Ingila da Amurka, aka rage wa tumaki abinci da rabi daga wajen kwana 30 zuwa 70 ko 80 na ciki, 'ya'yan suka zo da ƙarancin zare. Ka duba mu: tunkiyar da ta ɗauki ciki a Janairu, tsakiyar cikinta na faɗawa Maris da Afirilu, lokacin da ciyawa ta ƙare, ana kuma ɓoye harawa don ragon turka, ita uwar a sake ta ta yi ta tsintar kara da leda. Ragon layyar shekara mai zuwa a cikinta yake, kuma a daidai wannan lokaci ake ƙayyade iyakar namansa. Balami ne ko Uda ko 'Yankasa, irin na ba da abin da zai yiwu, abincin uwa na yanke nawa za a samu daga ciki.

Manyan kifaye dokarsu daban. Bayan ƙyanƙyasa suna ci gaba da ƙirƙirar sabbin zaruruwa, da farko a gefen sama da na ƙasa na kowane falle, daga baya a warwatse ko'ina cikin farar tsoka. In ka yanka tsokar matashin kifi siriri ka duba a madubi, za ka ga manyan zaruruwa da 'yan ƙanana birjik a tsakankaninsu. Ƙananan nan su ne sabbi, kuma yawansu ne ke nuna kifin na da sauran tafiya. Da wannan giwan ruwa ke kai girman da ake fito da shi a Argungu, sama da kilo 50. Amma kifi ma ba har abada ba ne. A jinsuna da dama ƙirƙirar sabon zare na tsayawa idan kifin ya kai kusan rabin tsawon da jinsinsa ke iya kaiwa, kuma da zarar tarwada ta fara yin ƙwai, abincin da take ci na karkata can, girma ya ragu.

A nan dole in gaya maka iyakar kifin zebra. Shi ƙaramin kifi ne mai tsayawa da wuri, zangon nan na biyu, na sabbin zaruruwa a warwatse cikin farar tsoka, bai yi ƙarfi a jikinsa ba. A 2006 Peggy Biga da Frederick Goetz suka kwatanta shi da wani ɗan'uwansa, babban daniyo, mai kai santimita 10 ko fiye, suka nuna cewa babban ne ke girma irin na kifin kiwo. Saboda haka kifin zebra malami ne a kan yadda tsoka ke samuwa da yadda take gyara kanta, amma a kan yadda tarwada ke kai kilo ɗaya, abin da aka gani a jikinsa sai an sake gwada shi a jikin tarwadar.

Abin da ke tura girma da abin da ke taka masa birki

Daga ƙasan ƙwaƙwalwa sinadarin girma ke fitowa, ya sa hanta ta saki wani mai suna IGF-1, shi kuma ya umarci zare ya gina furotin. Umarnin ba ya tafiya sai akwai kayan gini, wato furotin na abinci. In yunwa ta yi tsawo, jiki na juyawa ya fara rushe farar tsoka ya ci. Magungunan ƙara ƙiba irin su dezametazon, da wasu ke ɗura wa dabba gab da salla, wannan rushewar suke ƙarfafawa. Dabbar ta kumbura da ruwa da kitse, tsokarta na zagwanyewa, garkuwar jikinta ta faɗi, ga ragowar magani a naman da mutane za su ci. Ina roƙonka da duk mai karatu, a bar wannan.

Birkin kuwa sunansa mayostatin. Se-Jin Lee da Alexandra McPherron na Jami'ar Johns Hopkins suka gano shi a 1997, ɓerayen da aka cire musu shi tsokarsu ta ninka biyu zuwa uku. A shekarar aka gane cewa shanun Beljiyam da ake kira Belgian Blue da na Piedmontese a Italiya birkin nan ne ya lalace musu. Naman na da yawa, sai dai 'yan maruƙan Beljiyam ɗin kan yi girman da galibi sai an yi wa uwa fiɗa. A 2017 an gyara wannan ƙwayar gado a jikin tarwadar Amurka a Jami'ar Auburn, a 2021 kuma Japan ta ba da damar sayar da wani kifin teku, madai, da aka cire masa birkin, namansa ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100.

Kajin gidan gona sun nuna inda zaɓen iri ke kaiwa ko ba a taɓa ƙwayar gado da hannu ba. Wani nazari na Jami'ar Alberta a Kanada da ya fito a 2014 ya yi kiwon irin 1957 da na 2005 da abinci ɗaya. A kwana 56, na farko gram 905, na biyu gram 4,202. Sai ga shi yanzu ana fama da ƙirjin kaza mai tauri da farin ratsi, domin zaruruwan sun yi kaurin da jini bai wadace su ba, suna mutuwa daga ciki.

Komawa tafkinka

Akwai gwaji ɗaya na kifin zebra da nake son kowane mai ƙyanƙyasa ya sani. Ian Johnston na Jami'ar St Andrews a Sikotilan ya raba ƙwai uku, ya ajiye su a digiri 22 da 26 da 31 har suka ƙyanƙyashe, daga nan ya mayar da su duka ruwa mai zafi ɗaya. Da suka girma, 'yan digiri 26 sun fi sauran yawan farin zare. 'Yan kwanaki kacal na bambanci a cikin ƙwai ya bi kifin har tsufa. An buga wannan a 2009. Lambobin na kifin zebra ne, tarwada ta fi son ruwa wajen digiri 27 zuwa 30, amma darasin ya shafe ka, musamman da hunturu a Kano ko Zariya ko Jos, inda ruwan ƙyanƙyasa kan yi ɗumi da rana ya yi sanyi ƙalau da asuba. Na sha shiga ɗakin ƙyanƙyasa in tarar babu ma'aunin zafi ko ɗaya, alhali kuɗinsa bai kai na buhun abinci ba.

Bayan zafi sai abincin farko. Ɗan tarwada na gama shanye gwaiduwarsa wajen kwana uku da ƙyanƙyasa, kuma makonnin da ke biye su ne lokacin da ya fi ƙirƙirar sabon zare. In aka makara ba shi atemiya, wato 'yan mitsitsin halittun ruwan gishiri da ake ciyar da 'ya'yan kifi da su, ko garin abinci mai furotin sosai daidai bakinsa, ya yi asarar da abincin wata na huɗu ba zai cike ta duka ba.

Duk da haka ba zan ɗora tsumburewar kifinka gaba ɗaya a kan zare ba. A tarwada babban mai laifi shi ne danniya. Waɗanda suka ɗan riga girma, shuta kamar yadda masu kiwo ke cewa, su ke tare bakin abinci, su ciji ƙanana, su ma haɗiye su. Ƙaramin da ke cikin tsoro kullum jikinsa na sakin sinadarin wahala mai hana gina tsoka, ko da abinci na gabansa. Ƙara da cunkoso, da ruwan da ba a canzawa, da iyayen da aka yi ta haɗa 'yan'uwa da 'yan'uwa. Daga nesa babu mai iya ce maka ga wanda ya fi yawa a tafkinka, amma kai kana iya gwadawa da kanka. Ka ware ƙananan a tanki nasu, ka rage cunkoso, ka watsa abinci a wurare da yawa maimakon kusurwa ɗaya, ka auna nauyin guda 20 a ranar farko, ka sake aunawa bayan mako uku. In sun zabura, danniya ce, sai ka riƙa tantance su bisa girma duk mako ɗaya ko biyu a watanni biyun farko. In ba su motsa ba alhali ruwa mai kyau ne kuma suna ci, matsalar daga ƙyanƙyasa ko iri take. Ka sayar da su a yadda suke kada su cinye maka jari, ka kuma tambayi mai ba ka 'ya'ya inda yake samo iyayen kifinsa da zafin ruwan da yake ƙyanƙyasa da shi kafin ka sake saye.